Daga Ƙasar Ɗambatta Zuwa Ɗakin Hoton Mama: Tafiyar Mace Mai Lafiya Zuwa Asibiti

Arewacin Jihar Kano, wato ƙasashen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bichi da Minjibir da Dawakin Tofa, ya shiga cikin da'irar karkarar nan da ke kewaye da birnin Kano, wadda masana labarin ƙasa suke lissafawa cikin wuraren noma mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, musamman tun bayan nazarin da Michael Mortimore ya yi a kanta a shekarun 1960. A wannan yanki gona tana manne da gona, ba a barin saura ta huta kamar yadda ake yi a inda ƙasa ta yalwata, sai dai a riƙa ciyar da ita da takin dabbobi da tokar murhu da sharar gida kowace shekara, a shuka gero da dawa, a tsarma wake da gyaɗa a tsakaninsu, yayin da gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya suke tsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. Matafiyi ba ya yin nisa bai hangi rumbu ko dangar kara ko hasumiyar masallaci ba, kuma da rani da wuya a sami ƙauyen da ya fi tafiyar sa'a biyu ko uku a mota zuwa birni. Duk da wannan kusanci, tafiyar matar yankin zuwa asibiti domin a duba lafiyar mamanta doguwa ce, kuma abin da yake tsawaita ta shi ne yawan ƙofofin da sai ta wuce su kafin ta tsaya a gaban na'urar da aikinta bai kai rabin sa'a ba.

Binciken da ake magana a kansa iri ne na musamman, domin ana yin sa ne ga macen da ba ta jin ciwon komai, ba ta taɓa jin ƙullutu ba, ba ta kuma ga wani canji a jikinta ba, da nufin a gano sankarar mama, wadda mutanen karkara suka fi sani da ciwon daji, tun tana ƙarama ƙwarai yadda hannu ba zai ji ta ba. Likitoci suna bambanta shi da abin da suke kira gano cuta da wuri, wanda ya shafi macen da ta riga ta ga alama ta garzaya asibiti kafin abin ya yi nisa. A Ingila, inda aka kafa shirin binciken na ƙasa baki ɗaya a 1988, hukumar lafiya ce take aika wa mace takardar gayyata duk bayan shekara uku daga shekara 50 zuwa 70, ta sanya mata rana da lokaci, ba ta biyan ko sisi. A Amurka kuwa shawarar da kwamitin masana rigakafi ya bayar a 2024 ita ce a fara daga shekara 40, duk bayan shekara biyu, har zuwa 74. Nijeriya ba ta da tsarin gayyata irin wannan, ba a birni ba balle a ƙauye, saboda haka mace ba ta isa ɗakin binciken sai idan ta ji bayani a rediyo, ko wata ƙungiya ta kawo gwajin kyauta, ko malamar asibiti ta ba ta shawara, ko kuma, wanda shi ne ya fi tayar da mutum tsaye, ta yi jinyar yayarta ko kishiyarta ta ga yadda abin ya ƙare.

Ƙiyasin da cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta fitar na shekarar 2022 ya nuna cewa mata kimanin 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya a wannan shekara, kimanin 16,000 kuma suka rasu a dalilinta, abin da ya sa ta zama sankara mafi yawa a ƙasar. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin 100 na masu cutar suna raye bayan shekara biyar da gano ta, amma wani bincike da ya bi diddigin mata a ƙasashe biyar na Afirka, wanda aka buga a 2020, ya tarar kashi 36 cikin 100 ne kacal na matan Nijeriya da aka bi suke raye bayan shekara uku, ko da yake asibitocin da aka tattara su a kudu maso gabashin ƙasar suke. Babban dalilin wannan tazara shi ne matakin da cutar take kaiwa kafin likita ya gan ta. Ana kasa ta mataki huɗu: a mataki na farko ƙullutun bai wuce santimita 2 ba, wato misalin faɗin ɗan yatsa, kuma yana nan inda ya tsiro; a na huɗu kuwa ya riga ya bazu zuwa ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, inda ba a maganar warkewa sai dai sassauci da tsawaita kwana. Mafi yawan matan da ke zuwa asibitocin koyarwa na Nijeriya da wannan cuta a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa.

Ƙofar farko a tsakar gida take. Matar aure a wannan yanki ba ta fita sai da izinin maigida, kuma izinin ba ya wuya idan awon ciki za ta je ko yaro ne yake zazzaɓi, amma idan ta ce birni za ta domin a duba ta, tambayar da za ta fara ji ita ce, "Me ke damun ki?" Idan ta amsa da cewa, "Babu komai, Malam, dubawa kawai za a yi," to akan ce mata, "Kina zaune lafiya lau za ki je a tono miki ciwo?" Uwar miji ma takan ƙara da cewa wanda ya kai kansa asibiti ba a rasa abin da za a ce yana da shi. Masu wayar da kai sun saba ɗora wannan magana a kan jahilci, amma wanda ya zauna da manoman yankin ya san akwai lissafi a cikinta, domin magidancin da rumbunsa ba ya kai shi sabuwar damina yana auna kuɗin mota da na kati da na hoto da tiyar dawa nawa za su ci, kuma bai taɓa ganin an kashe kuɗi a kan wanda bai kwanta ba. Shi ya sa sau da yawa kuɗin tafiyar daga hannun matar suke fitowa, daga ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ko daddawa ko fura da take aika yara talla, ko daga kwasar adashi, ko kuma ta sa a kai mata akuya kasuwar mako ta Ɗambatta. Kuɗin motar kuwa na mutum biyu ne, tunda ba ta tafiya sai da 'yar rakiya, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya yi tashin gwauron zabo.

Akwai wata magana da ta kafu a zukatan jama'a fiye da duk wata sanarwar rediyo, ita ce cewa daji ba ya son ƙarfe, ma'ana da zarar allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya watsu a jiki. A kan wannan ne ake fara kai mace wurin mai magani a ba ta jiƙo da na shafawa, ko wurin wanzami a yi mata tsaga ko sakiya, wato huda kumburi da ƙarfe mai zafi domin mugunya ta fita, ko a tsaya ga rubutu da tofi idan ana zargin sammu. Ya kamata a yi wa masu wannan magana adalci, domin abin da idonsu ya gani suke faɗi: sun ga matar da ta yi shekara biyu da ƙullutu tana daka tana girki, aka kai ta birni aka yi mata tiyata, bayan 'yan watanni aka yi jana'izarta. Abin da ba su gani ba shi ne cewa cutar ta riga ta bazu tun kafin wuƙa ta taɓa ta, kuma daɗewar da aka yi ana tsoron wuƙar ce ta ba ta lokacin bazuwa. Haka jinkiri yake haifar da mutuwa, mutuwar ta ƙarfafa tsoro, tsoron kuma ya haifar da wani jinkirin a gidan maƙwabta. Wani abin da yake ruɗar mutane shi ne sankarar mama a farkonta galibi ba ta ciwo, alhali ƙurjin nono na mai shayarwa, wanda ba shi da haɗari irin nata, shi ne mai zogi da zazzaɓi, don haka sai a yi gaggawar neman magani ga mai sauƙin, a ce da mai haɗarin "ai ba ya ciwo".

Idan an samu izini kuma kuɗi sun haɗu, sai zaɓen rana. An fi son a yi hoton mama a makon da ya biyo bayan ɗaukewar al'ada, lokacin da mama ba ya kumbura ba ya tsami, kuma wajibi ne mace ta faɗi idan tana da ciki ko tana shayarwa, abin da ba baƙo ba ne ga 'yar shekara 40 a jihar da binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura shida. Yawan haihuwa da doguwar shayarwa suna rage haɗarin cutar, kamar yadda wani babban nazari da aka buga a 2002 ya nuna, inda kowace shekara guda ta shayarwa take rage shi da kimanin kashi 4 cikin 100, amma ragewa ba kawarwa ba ce, kuma matar da ta yaye 'ya'ya goma ba ta kuɓuta ba. A ranar tafiya ana so ta yi wanka ta bar hammata da ƙirji haka nan, ba hoda, ba humra, ba alimun, ba man shafawa, saboda ɓurɓushin irin waɗannan yakan fito a hoto kamar ɗigo-ɗigon da likita yake nema, ya sa a tayar mata da hankali a banza. Riga da zane sun fi doguwar riga dacewa, domin daga ƙugu zuwa sama kawai za ta tuɓe. Watan Oktoba shi ne watan faɗakarwa a kan wannan cuta a duniya, kuma a cikinsa ƙungiyoyi suka fi yin gwajin kyauta ko na rangwame, sai dai a karkarar Kano ya faɗo a tsakiyar kaka, ana roron wake ana tsigar gyaɗa, dawa ba ta shigo ba, kuɗi ba su zauna a hannu ba tukuna. Watannin sanyi da suka biyo baya sun fi dacewa da matar manomi.

Fita da asuba ake yi, domin layin asibitin birni ba ya jiran mai nisa. Daga ƙauye zuwa bakin titi ɗan acaɓa ne yake ɗaukar su biyun a kan babur ɗaya, ya bi burtali, wato hanyar shanu da ta ratsa tsakanin gonaki, yana kauce wa yashi da kututturen kara, ƙurar hunturu tana shiga ido, jakuna da amalanken shanu suna fita da taki zuwa gona tun rana ba ta fito ba. A bakin titin da ya taso daga Daura ya ratsa Kazaure da Ɗambatta ya nufi Kano, ƙananan motocin haya suna tsayawa su cika, mutum huɗu a baya biyu a gaba, buhunan hatsi da kaji a but, kuma mace mai shekaru takan samu a matsa mata gefen taga don girmamawa. Babu wanda yake tambayar ta inda za ta, ita ma ba za ta faɗa ba. Idan maƙwabciya ta tare ta a hanya, amsar ita ce za ta birni dubiya. Kunya tana nan a kan duk abin da ya shafi mama, har tsakanin uwa da 'yarta, kuma sau da yawa 'yar da ta yi sakandare, wadda ita ce ta kawo maganar tun farko, ita ce take riƙe da takardu da waya, ita ce kuma za ta yi magana da ma'aikata a madadin uwar.

Mai hikima yakan fara tsayawa a babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi kafin ranar, a duba matar da hannu a rubuta mata takardar turawa, domin takardar tana rage yawo a birni, tana kuma nuna sashen da za a nufa kai tsaye.

Hanyar tana haɗuwa da titin Katsina a wajejen Dawanau, inda kasuwar hatsin da ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma take, kuma a nan ne mai tafiya zai ga geron da waken da riɗin da suka fito daga irin gonakin da ya baro suna hawa manyan motoci zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta. Daga nan gonaki sun ƙare, sai unguwannin Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna da cunkosonsu, har a sauka a tashar Ƙofar Ruwa a nemi adaidaita sahu, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013. Asibitin Murtala Muhammad, wanda ya samo asali tun shekarun 1920, yana kusa da Ƙofar Mata, kuma shi ne mutanen karkara suka fi sabawa da shi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988 kuma yake horar da likitocin Jami'ar Bayero, yana kan titin Zariya a kudancin birni, a cikinsa ne kuma aka buɗe wata cibiyar gwaje-gwaje da hotuna ta zamani a 2020, saboda haka wadda ta fito daga arewa sai ta keta garin gaba ɗaya, ta wuce Dala da ganuwa da Gyaɗi-Gyaɗi kafin ta isa. Akwai kuma cibiyoyin hoto masu zaman kansu, waɗanda layinsu ya fi gajarta, kuɗinsu ya fi tsawo.

A kowane babban asibiti sai an yanki kati, an biya a wata taga, an kai rasit wata tagar, kana a zauna a benci a jira kira. Kafin na'ura akwai tambayoyi: shekarunta nawa, yaushe ta fara al'ada, ko ta daina, haihuwa nawa, ko a danginsu na uwa ko na uba an taɓa samun mai sankarar mama ko ta ƙwan mace. Tambayar shekaru takan ba da wahala ga wadda ba a rubuta ranar haihuwarta ba, sai a koma ga lissafi da aure da haihuwar fari. Tambayar dangi kuma tana da muhimmanci, domin akwai nau'in cutar da ake gado, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa da yawa daga masu kamuwa ba su da wani dalili na haɗari in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru, wanda ke nufin cewa "babu shi a danginmu" ba hujjar zama a gida ba ce. Ajiye kuɗi ko waya a cikin rigar mama, wanda ake yawan zargi a hirar mata, babu shaidar da ta nuna yana kawo cutar. Daga nan sai gwajin hannu, inda likita ko malamar jinya take duban maman biyu mace tana zaune, hannuwa a ƙasa sannan a sama, tana neman bambancin girma ko lotsawar fata ko shigewar kan nono, sa'an nan ta kwantar da ita ta bi da tafin yatsu a hankali har cikin hammata, inda kaluluwa, wato ƙananan ƙullutan da ke tace ruwan jiki, takan kumbura idan cuta ta fara tafiya.

Ɗakin hoton ƙarami ne, mai sanyi saboda na'urar ba ta son zafi, ba ya kuma aiki sai da wuta tsayayya, shi ya sa ɗaukewar lantarki takan tsayar da layi har a tayar da janareta. Galibi mace ce take ɗaukar hoton, kuma matar tana da damar ta nemi hakan tun daga waje, abin da ya kamata a riƙa faɗa wa magidanta, domin da yawansu a kan wannan batu kaɗai suke hana tafiyar. Za ta cire hijabi da riga da sarƙa da laya idan tana da ita, a ba ta wata riga mai buɗewa ta gaba, ta tsaya a gaban na'urar mamogiram, wato na'urar ɗaukar hoton cikin mama da hasken nan mai ratsa jiki irin wanda ake hoton ƙirji da shi, amma mai rauni ƙwarai. Ma'aikaciyar za ta ɗora mama ɗaya a kan faranti, ta gyara mata kafaɗa da haɓa, ta taka wani abu da ƙafa sai wani faifan roba mai haske ya sauko ya danne maman har ya baje, ta ce, "Sannu Hajiya, ki ɗan daure, kada ki motsa, ki riƙe numfashi," ta koma bayan gilashin kariya ta danna maɓalli. Daƙiƙa kaɗan ne faifan ya saki. Ana ɗaukar kowane mama sau biyu, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya a karkace domin a haɗa da gefen hammata, hoto huɗu ke nan. Dannawar tana da zafi ga wasu, ga wasu kuma takura ce kawai, amma ba ta da makawa, domin ita ce take baje tsoka yadda wani abu ba zai ɓuya a bayan wani ba, ta hana motsi, ta kuma rage yawan hasken da ake buƙata. Hasken da jiki yake sha a hotunan huɗu bai wuce abin da mutum yake sha daga ƙasa da sararin sama a cikin mako bakwai na zamansa na yau da kullum ba.

A kan hoton kitse baƙi-baƙi yake fitowa, tsokar da ke samar da nono kuwa fara, kuma abin takaici ita ma sankara fara take fitowa. Ga macen da ta manyanta, wadda kitse ya maye gurbin yawancin tsokar, farin tabo yakan fito fili. Ga matashiya ko mai shayarwa kuwa, wadda mamanta yake cike da tsoka, aikin ya zama neman farin zare a kan farin ƙyalle. Wannan ne dalilin da ya sa ba a cika yi wa 'yar ƙasa da shekara 40 mamogiram ba, sai dai sikanin, wato na'urar nan da ake duba ciki da ita wadda take aiki da sauti, wadda kuma take iya bambanta ƙullutu mai ruwa da mai tauri. Batun yana da nauyi a Nijeriya, inda masu cutar da yawa 'yan shekara arba'in da wani abu ne, ƙasa da abin da aka saba gani a Turai da kusan shekara goma, galibi saboda al'ummar kanta matasa sun fi yawa a cikinta.

Sakamako ba ya fitowa nan take, domin sai likitan da ya ƙware a karanta hoto ya zauna a kansa, irin waɗannan likitoci kuwa ba su da yawa, don haka akan ce a dawo bayan kwanaki. A ƙasan takardar akan ga kalmar BI-RADS da lamba daga 0 zuwa 6, wani ma'auni ne da likitocin hoto na Amurka suka tsara: 1 na nufin ba a ga komai ba, 2 an ga abu marar illa, 3 ana kyautata zaton marar illa ne amma a sake dubawa bayan wata shida, 4 da 5 sai an ɗebi ɗan nama da allura an kai ɗakin gwaji, 0 kuma hoton bai wadatar ba sai an ƙara, 6 ta wadda aka riga aka tabbatar da cutar ce. Sake kira ba hukunci ba ne. A shirin Ingila, cikin mata 100 da aka yi wa hoto kimanin 4 ake sake kira, cikinsu kuma ɗaya ce ake samu da sankara, kuma mafi yawan ƙullutan da ake ji a mama ba sankara ba ne. Amma ga matar ƙasar Ɗambatta sake kira yana nufin sabon izini da sabon kuɗin mota na mutum biyu da wani bayanin da za ta yi wa maƙwabta, kuma idan lambar wayar maigida ta bayar a kati, to shi zai riga ta jin labarin jikinta. A wannan gaɓa ce aka fi rasa mutane, tsakanin hoto da allurar gwaji, da tsakanin allurar da fitowar sakamakonta, shi ya sa shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya ɗora mizani uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu cutar a mataki na farko ko na biyu, a kammala tabbatar da ita cikin kwana 60 daga zuwan farko, kuma kashi 80 cikin 100 su kai ƙarshen maganinsu.

Wadda aka tabbatar tana da cutar ta shiga wata tafiyar dabam, ta tiyata da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi da ake kira kemo da gashi da na'ura, wani lokaci da ƙwayoyin da ake sha shekara biyar ko fiye. Shekaru da dama masu buƙatar gashi daga Kano sai sun dangana da Shika a Zariya ko Sakkwato ko Abuja, kafin gwamnatin jiha ta gina cibiyar kula da masu sankara a Giginyu, wadda aka ƙaddamar a farkon 2023. Asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya kuma ya fara aiki a asibitoci shida, inda na Zariya ya wakilci arewa maso yamma. Abin da mata suka fi tsoro a duk wannan shi ne a cire mama, da abin da zai biyo baya a gidan da akwai kishiya. A nan ne hujjar zuwa da wuri ta fi ƙarfi, domin ƙaramin ƙullutu shi ne ake iya cirewa shi kaɗai a bar maman, babba kuwa galibi ba ya barin zaɓi.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka cewa maganin matsalar karkarar Kano shi ne a sayi mamogiram a kai kowace ƙaramar hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta bayyana tun 2014 cewa gayyatar dukan mata zuwa hoto tsari ne da ya dace da ƙasashen da tsarin lafiyarsu ya tsaya da ƙafarsa, inda kuwa bai tsaya ba, abin da ya fi gaggawa shi ne wadda ta ga alama ta samu tabbaci da magani ba tare da jinkiri ba. Na'urar da ba ta da mai karanta hotonta, ko wadda za ta gano abu a rasa mai ɗibar nama, tashin hankali kawai take ƙarawa. Wani gwaji da aka yi a birnin Mumbai na Indiya a kan mata fiye da 150,000, aka bi su shekara 20, aka buga sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa mata ma'aikatan lafiya da aka ba gajeren horo, suna duba mata da hannu duk bayan shekara biyu, sun sa ana gano cutar a matakin da bai yi nisa ba, kuma mutuwa ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a tsakanin 'yan shekara 50 zuwa sama. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, da yawansu da asibitin sha-ka-tafi inda mata suke zuwa awo da rigakafin yara ba tare da an tuhume su ba, kuma a Ɗambatta kanta akwai makarantar koyon aikin ungozoma. Horar da waɗannan hannuwa, da samar da sikanin da allurar gwaji a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, da sanya ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne ya bi duk wadda aka tura birni ya tabbatar ta je ta kuma koma karɓar sakamako, zai fi amfani ga matar manomi fiye da taron faɗakarwa na rana ɗaya a otal.

Kafin hakan ta samu, nauyin yana kan gidaje. Macen da ta kai shekara 40 ta nemi malamar asibitin da ke kusa da ita ta duba ta da hannu, ta tambayi ko ya dace ta je hoto, magidanci kuma ya sa kuɗin wannan tafiya a cikin lissafin kaka kamar yadda yake sa na taki. Wadda kuwa ta riga ta ji ƙullutu a mama ko a hammata, ko ta ga fatar ta lotsa ko ta yi kauri, ko kan nono ya shige ciki, ko jini yana fita daga cikinsa, ko da babu ciwo ko kaɗan, ba ta cikin masu jiran kaka ko watan Oktoba. Ta nufi asibiti a cikin makon, ta kuma nemi a rubuta mata takardar turawa birni idan ba a gano mene ne ba.